Ɗaki da Jinya: Inda Sadaka Ke Isar wa Tsoho Talaka da Inda Take Gazawa

Talaucin tsufa ya sha bamban da sauran talauci, domin shi ba a fita daga cikinsa. Matashi marar aiki in ka ba shi jari yana iya tsayawa da ƙafarsa, maraya yana girma, wanda ambaliya ta cinye wa gida yana sake gini. Amma tsohuwa mai shekara 80 da ɓarin jikinta ya shanye, buƙatarta ta baɗi sai ta fi ta bana, ta shekarar da ke biye kuma ta fi ta baɗi, har zuwa ranar da za ta koma ga Mahaliccinta. Babu ranar da ƙungiyar agaji za ta tara mutane ta ce ga wadda muka taimaka, yau ta wadata. Wannan shi ne dalilin da ya sa tara kuɗi don tsofaffi yake da wuya, shi ne kuma dalilin da ya sa irin taimakon da aka saba yi musu, na rabon kaya a yini ɗaya a watse, bai dace da ciwon ba ko kaɗan.

Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2020 masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1, kuma a wannan shekarar ce yawansu ya zarce na yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ana sa ran za su kai biliyan 2.1 a 2050, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin hali. Waɗanda suka haura 80, wato waɗanda suka fi buƙatar a ɗaga su a kwantar, za su ninka sau uku su kai miliyan 426. Ƙasashen Turai sun tsufa ne a hankali bayan sun yi arziki. Sauran duniya kuwa tsufa na riskar ta da sauri, tun kafin ta tanadi komai.

Abin da tsoho talaka yake nema abu uku ne da suka sarƙe da juna: ɗan kuɗin da zai riƙa shigowa a kai a kai, ɗakin da ba za a kore shi daga ciki ba, da hannun da zai kula da shi. Masu bayarwa sukan raba su, wannan ya ɗauki abinci, wancan ya ɗauki magani, alhali in ɗaya ya kwance sauran biyun ba sa tsayawa. A ɗauki batun ɗaki. Mutum na iya rayuwa shekara 40 a gida mai matakala da banɗaki mai santsi bai taɓa lura da su ba. Ranar da gwiwa ta ƙi, ido ya yi rauni, wannan dokin ƙofar da bai wuce taƙi guda ba shi ne zai kayar da shi. Faɗuwa na kashe mutane kusan 684,000 a duniya duk shekara, kuma 'yan sama da 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanya. Wanda ya karye a ƙugu ya tsira da ransa sau da yawa ba ya komawa yadda yake. Jiya yana kai kansa banɗaki, yau sai an kai shi. Ƙarfen dafawa a jikin bango, fitila a hanyar banɗaki, kujerar zama a yi wanka, mayar da shi ɗakin ƙasa: duk kuɗinsu bai kai na jinyar wata guda ba. Sai dai ba a cika samun mai ba da sadakarsu ba, saboda ba abin da za a nuna wa jama'a ba ne.

Mai zaman haya kuwa nasa ya fi muni. Kuɗin haya na hawa, abin da yake samu na sauka. Ranar da aka ba shi notis, ya rasa maƙwabcin da ke leƙa shi da safe, da mai shagon maganin da ya san larurarsa, da hanyar da ƙafarsa ta haddace ko ido ba ya gani. Ga mai ciwon mantuwa, sauya masa wuri kaɗai na iya ƙara ruɗa shi. Masu wannan ciwo sun haura miliyan 55 a duniya, sama da kashi 60 cikin 100 a ƙasashen da ba su da wadata.

A ko'ina cikin duniya, har a ƙasashen da suka fi kowa gidajen kula da tsofaffi, iyali ne ke ɗauke da mafi yawan jinya, kuma a cikin iyalin mata ne: 'ya, suruka, ko matar da ita ma ta tsufa. Ya kamata a dubi aikin nan da kyau kafin a yi magana a kansa. Majinyacin da ba ya iya juyawa da kansa sai an juya shi duk bayan 'yan sa'o'i, dare da rana, in ba haka ba gyambo ya buɗe a ƙugunsa da dugadugansa. Sai an sa hannu ɗaya a ƙarƙashin kafaɗa, ɗaya a ƙugu, a mirgina shi a hankali, a goge, a shanya, a sauya zanin shimfiɗa, a duba ko fatar ta yi ja. Sai a ba shi abinci cokali-cokali, a jira ya haɗiye don kada ya shaƙe. Uban da ya yi mata tarbiyya yau ita ke masa tsarki, yana kau da kai don kunya, ita ma tana kau da nata. Wannan ba na mako guda ba ne, yana iya kai shekara biyar ko goma. Mai yin sa takan bar sana'arta, bayanta ya lalace, barcinta ya yanke, kuma idan nata tsufan ya zo ba ta da abin da ta ajiye. Jinyar uwa ta talauta 'ya, 'yar kuma ta tsufa a talauce.

Shi ya sa ba na jin daɗin saurin da ake yi wajen cewa 'ya'yan zamani sun watsar da iyayensu. Akwai marasa kirki, ba a musu. Amma mafi yawan abin da ke faruwa lissafi ne: iyaye na daɗewa fiye da da, 'ya'ya sun ragu a ƙasashe da dama, neman abinci ya watsa su birane da ƙasashen waje, ɗakin da suke haya bai ishe su da yaransu ba. Ga kuma waɗanda Allah bai ba haihuwa ba, da waɗanda suka binne 'ya'yansu, da waɗanda yaƙi ya raba da kowa nasu. Faɗa da wa'azi ba za su samar wa waɗannan ɗa ba. Ƙungiyar da ta san abin da take yi takan fara ne da mai jinyar: ta koya mata yadda ake ɗaga majinyaci ba tare da ta ji ciwo ba, ta ara mata keken guragu da katifar da ke hana gyambo, ta turo wanda zai karɓe ta na yini ɗaya a mako ta samu ta yi barci. Wannan ɗan hutun shi ne sau da yawa yake hana gida rushewa.

To, wanda ba shi da kowa fa? A nan tarihin sadaka yake da abin alfahari. A hunturun 1839, a garin Saint-Servan na Faransa, wata baiwar Allah mai aikin gida, Jeanne Jugan, ta ɗauko wata makauniyar tsohuwa da ba ta da mai kula da ita, ta kwantar da ita a gadonta. Daga nan aka samu ƙungiyar mata masu hidima da yau take riƙe da gidajen tsofaffi matalauta a nahiyoyi da dama. A Istanbul, Sarki Abdulhamid na Biyu ya sa an gina Darülaceze, aka buɗe a 1896, da masallaci da coci da wurin ibadar Yahudawa a harabarsa, kuma har gobe yana karɓar gajiyayyu. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Fuggerei a birnin Augsburg na Jamus. Attajiri Jakob Fugger ne ya kafa shi, ya rubuta takardar sadaukarwarsa a 1521. Gidaje ne 67 da mutane kusan 150 ke zaune a ciki, yawancinsu masu shekaru, kuma kuɗin hayar shekara guda bai sauya ba tun wancan lokaci, yanzu bai kai Yuro ɗaya ba. Abin da ya raya shi shekara 500 ba tausayin masu wucewa ba ne. Dukiya aka keɓe masa, musamman dazuzzukan katako, da abin da suke samarwa ake gyara da gudanarwa. Wannan shi ne waƙafi, ko da wane suna aka kira shi, kuma shi ne kaɗai nau'in sadakar da tsawonsa ya yi daidai da tsawon buƙatar. Mai hali da yake son ya gina gidan tsofaffi, in bai haɗa shi da abin da zai riƙa ciyar da shi ba, gara ya dakata. Gini shi ne ɓangare mai sauƙi. Albashin masu jinya na dare da rana shi ne ke cinye kuɗi, kuma ba ya ƙarewa.

Duk da haka, gidan gajiyayyu ba shi ne mafita ta farko ba, kuma waɗanda suka fi kowa gina su ne suka fara gane haka. Tun 1987 Denmark ta daina gina irin tsofaffin gidajen nan masu kama da asibiti, ta koma ga ƙananan ɗakunan da tsoho ke riƙe da makullinsa, ma'aikata su riƙa zuwa masa. A Ingila, wani tsohon soja, Richard Carr-Gomm, ya lura cewa kaɗaici ne ya fi damun tsofaffin unguwar Bermondsey da ke Landan, sai ya sayi ƙaramin gida ya zaunar da mutum kaɗan a ciki, kowa da ɗakinsa, ana cin abinci tare. Haka ƙungiyar Abbeyfield ta samo asali. Tara mutane masu rauni da yawa a rufi ɗaya yana da haɗarinsa, annobar korona ta nuna wannan a fili, domin a ƙasashen Turai da Amurka kaso mai yawa na mamatan farko daga irin waɗannan gidaje suka fito. Idan kuma aka bar harkar ga masu neman riba ba tare da sa ido ba, akwai darasin kamfanin Southern Cross na Birtaniya, wanda ya durƙushe a 2011 yana riƙe da gidaje kusan 750 da tsofaffi kimanin 31,000, bayan tsarin sayar da gine-gine a dawo a yi hayarsu ya shaƙe shi.

Abin da ya sa sadaka ita kaɗai ba za ta iya ba shi ne yanayin larurar kanta. Ba kowane tsoho ne zai buƙaci doguwar jinya ba. Wani yana kan ƙafarsa har mako na ƙarshe, wani kuma zai kwanta shekaru. Babu wanda ya san rabonsa tun da wuri, kuma wanda abin ya faɗa wa, kuɗin ya fi ƙarfin kusan kowane gida. Irin wannan nauyi ba ya ɗaukuwa sai kowa ya sa hannu tun yana da lafiya. Jamus ta kafa inshorar jinya ta dole a 1995. Japan ta bi a 2000: duk wanda ya kai 40 yana zubi, gwamnati na biyan kusan rabi daga haraji, idan mutum ya kai 65 ya gaza sai a auna gwargwadon larurarsa a ba shi hidima, shi kuma ya biya ɗan kaso, yawanci 10 cikin 100. Akwai wani bambanci tsakaninsu da ya cancanci nazari. Jamus ta yarda a ba iyali kuɗi a hannu in su za su yi jinyar. Japan ta ƙi, kuma cikin waɗanda suka dage a kan ƙin har da ƙungiyoyin mata, suna cewa kuɗin zai ƙara ɗaure surukai ne a ɗaki. Kowanne yana da hujja. Amurka kuwa, duk da arzikinta, inshorar lafiyar tsofaffi ta Medicare ba ta biyan doguwar jinya, sai mutum ya cinye kusan duk abin da ya tara sannan shirin talakawa na Medicaid ya karɓe shi. Amma tana da wani tsari tun 1959 da ya dace a yi koyi da shi, wanda ake kira Sashe na 202: gwamnati ta ba da kuɗi, ƙungiyoyin da ba na neman riba ba su gina su gudanar, tsoho mai ƙaramin ƙarfi ya biya kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu. Aljihun hukuma, idon ƙungiya. A ganina rabon aikin da ya dace ke nan.

Za a ce waɗannan ƙasashe ne masu kuɗi. Gaskiya ne, kuma inda yawancin mutane ba su taɓa karɓar albashi ba, inshorar da ake cira daga albashi ba za ta kai ga kowa ba. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2021 ya nuna sama da kashi uku cikin huɗu na tsofaffin duniya na samun wani nau'in fansho, amma a Afirka kudu da Sahara abin bai wuce mutum ɗaya cikin biyar ba. Manomi, ɗan dako, mai talla, matar da ta ƙare rayuwarta a hidimar gida, duk sun yi aiki, ba su dai yi shi a ofis ba. Maganin da aka gwada aka ga amfaninsa shi ne fanshon da ba sai ka yi zubi ba, shekaru kawai ake dubawa. Mauritius ta fara biyan duk wanda ya kai shekarun a 1958, Nepal ta fara a 1995, Botswana a 1996, Lesotho a 2004 ga 'yan 70 zuwa sama, Zanzibar a 2016, Kenya a 2018. Babu mai cewa Lesotho ko Nepal sun yi arziki. Kuɗin ba su da yawa, amma suna sauya matsayin tsoho a gida, daga wanda ake ciyarwa ya koma wanda yake kawowa. Masaniyar tattalin arziki Esther Duflo ta bincika fanshon Afirka ta Kudu, ta gano cewa a gidajen da kaka mace ke karɓa, jikoki mata sun fi nauyi da tsawo. Wato kuɗin tsohuwa a tukunyar gida suke ƙarewa. Ni dai na fi karkata ga a ba duk wanda ya kai shekarun, ko da za a fara daga 70 ko 75, a kan a ce sai an tantance talakan cikinsu. Tantancewa na cin kuɗi, tana buɗe ƙofar son kai, kuma wanda ya fi kowa rauni shi ne ba ya iya zuwa layi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya sauko haka kawai. Wani ne ya ga abu da idonsa ya ƙi yin shiru. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara don ya biya jiziya, sai ya kama hannunsa, ya ba shi abin da ya sawwaƙa daga gidansa, sannan ya aika wa mai kula da baitulmali cewa a duba wannan da ire-irensa, domin ba adalci ba ne a ci moriyar ƙuruciyarsa a yashe shi da ya tsufa. Abin lura shi ne bai tsaya a kan kyautar hannunsa ba, ya mayar da ita ƙa'ida da ta shafi ire-irensa. Haka Ethel Percy Andrus, tsohuwar shugabar makaranta a Amurka, da ta je neman wata malama da ta yi ritaya ta same ta tana kwana a akurkin kaji. Ta kafa ƙungiyar malamai masu ritaya a 1947, sannan ƙungiyar kare muradun tsofaffi ta AARP a 1958. A Faransa sai da zafin watan Agusta na 2003 ya kashe mutane kusan 15,000, yawancinsu tsofaffi, da dama su kaɗai a ɗaki, kafin a yi dokar 2004 da ta keɓe ladan aikin yini guda a shekara don tsofaffi da masu naƙasa, aka kuma ɗora wa ƙananan hukumomi riƙe rajistar masu rauni don a riƙa bibiyarsu lokacin zafi.

A matakin duniya tafiyar na da nauyin jiki. An kafa ƙungiyar tallafa wa tsofaffi ta HelpAge International a 1983, ƙasashen duniya suka amince da Shirin Madrid kan tsufa a 2002, amma shawara ce, ba ya ɗaure kowa. Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar haƙƙin tsofaffi a 2016, sai a ƙarshen 2024 ta samu isassun ƙasashen da suka tabbatar da ita ta fara aiki. A watan Afrilun 2025 ne Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanke shawarar a fara rubuta yarjejeniyar duniya kan tsofaffi, abin da yara da mata da masu naƙasa suka daɗe da samu.

Fafutukar tana da ciwonta na cikin gida. Ƙungiyar da gwamnati ke ba kwangilar gudanar da gida, bakinta kan yi nauyi wajen sukar wannan gwamnatin. Wadda ta dogara da gudummawar jama'a kuma, jarrabawarta ita ce hoto: a ɗauki tsohuwa a mafi munin halinta, zani a zame, a watsa a intanet don zukata su motsa. Kuɗi na shigowa, amma da mutuncinta aka saye su, kuma ba a tambaye ta ba. Wannan mata ta aurar, ta yi sulhu tsakanin mutane, an taɓa miƙewa in ta shigo. Rufin asiri na cikin abin da take bin mu bashi. Akwai kuma ɗabi'ar yin magana a madadin tsoho yana zaune, a tambayi ɗansa me yake so. Ƙungiyoyin da suka fi tasiri su ne waɗanda tsofaffin da kansu suke jagoranta, su je gaban 'yan majalisa da bakinsu.

Wani aiki da ba a cika lissafa shi cikin sadaka ba shi ne na lauya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na 'yan sama da 60 yana fuskantar wani nau'in cin zarafi a cikin shekara, kuma sau da yawa na kusa ne ke yi. A sa masa hannu a takardar da bai karanta ba a sayar da gidansa, a riƙe katin bankinsa, a fitar da matar mamaci daga ɗakinta bayan rasuwar mijinta. A wasu wurare ana jefa tsohuwa da maita, sau da yawa mai ciwon mantuwa ce da ke sambatu, kamar yadda sansanonin da irin waɗannan mata ke fakewa a arewacin Ghana, irin na Gambaga, suke shaida. Tsohon da aka ƙwato wa gidansa a kotu ba ya buƙatar a gina masa wani.

Ƙasa da wannan ma akwai takardar shaidar shekaru. Mutane da yawa da aka haifa kafin rajistar haihuwa ta yaɗu ba su da abin da zai nuna sun kai 70, don haka ko an kafa fansho sunansu ba ya shiga. Ga biyan kuɗi ya koma ta waya da na'urar ɗaukar yatsa, alhali yatsun da suka shekara 60 suna aikin ƙarfi zanensu ya goge, na'ura ba ta gane su. Ɗan sa-kai da zai ɗauki tsoho ya kai shi ofishin rajista, ya cike masa fom, ya nemo masu shaida, ya koma sau uku har katin ya fito, ya buɗe masa ƙofar kuɗin da za su riƙa zuwa duk wata har ƙarshen ransa. Mai son ba da gudummawa yana da haƙƙin ya tambayi kowace ƙungiya mutum nawa ta yi wa irin wannan, nawa ne cikin waɗanda ta taimaka bara suke nan a ɗakunansu bana, da kuma wa ke amsa waya in mai jinya ta kira da ƙarfe biyun dare.